Thomas More, Wazirin Ingila da Ya Ƙi Rantsewa

Daga ƙarshen watan Maris na 1534 aka fara kiran manyan ƙasar Ingila domin su yi rantsuwa a kan wata sabuwar doka da ta shafi auren sarki da maganar wanda zai gaje shi. 'Yan majalisa suka rantse, alƙalai suka rantse, bishop-bishop da malaman jami'a suka bi sahu. Waɗanda suka ƙi ana iya ƙirga su da yatsun hannu. A cikinsu akwai wani lauya mai shekara 56, wanda shekara biyu kafin nan shi ne na biyu a mulkin ƙasar bayan sarki. Sunansa Thomas More. Bai tara sojoji ba, bai rubuta takardar tawaye ba, bai ma faɗi dalilinsa ba. Abin da aka nema a wurinsa kalmomi ne kaɗan da ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki, kuma a kan wannan ya rasa gidansa da dukiyarsa, daga baya ya rasa ransa.

An haife shi a birnin Landan a watan Fabrairu na 1478. Mahaifinsa, John More, lauya ne da ya kai ga zama alƙali. Yana ɗan shekara goma sha biyu aka kai shi gidan John Morton, Babban Bishop na Kantabari kuma wazirin ƙasa a lokacin, domin ya yi hidima a wurin cin abinci ya kuma koyi ladabin fada. A nan ya fara ganin yadda ake mulki ta ciki. Morton ne ya tura shi Jami'ar Okasfod, inda ya yi kimanin shekara biyu kafin mahaifinsa ya janye shi ya sa shi karatun shari'a. Ya shiga makarantar lauyoyi ta Lincoln's Inn a 1496.

A shekarun samartakarsa zuciyarsa ta rabu biyu. Ya yi kusan shekara huɗu yana zaune kusa da gidan 'yan zuhudu na ɗariƙar Kartusiya a Landan, yana bin su addu'a da azumi, yana gwada kansa ko zai iya zaman rashin aure har abada. Da ya gane ba zai iya ba, sai ya yi aure. Ya auri Jane Colt, ta haifa masa Margaret da Elizabeth da Cicely da John, ta rasu a 1511. Cikin wata guda ya auri wata bazawara mai suna Alice Middleton, mace mai kaifin baki da iya riƙon gida. Amma akwai abin da ya ɗauko daga gidan zuhudu bai ajiye ba: wata 'yar shara ta gashi mai kaushi da yake sawa a ƙarƙashin tufafinsa, ko a ranakun da yake sanye da alkyabbar muƙami da sarƙar zinariya. Mutane ƙalilan ne suka san da ita, kuma 'yarsa Margaret ce ke wanke masa ita a ɓoye.

Gidansa ya yi suna a Turai. Shahararren malamin nan Erasmus abokinsa ne tun 1499, kuma ya sha sauka a wurinsa. More ya koyar da 'ya'yansa mata Latin da Girkanci daidai da ɗansa namiji, abin da ba a saba gani ba a zamanin. Mutum ne mai barkwanci, har ana cewa ba a gane ranar da yake wasa da ranar da yake magana da gaske.

A 1510 ya zama mataimakin shugaban shari'a na birnin Landan. A 1516 aka buga littafinsa Utopia, wanda har yau ake karantawa. Mutane sun fi tuna tsibirin da ya ƙago a cikinsa, amma kashin farko na littafin muhawara ce a kan tambayar da ke damun duk mai ilimin da aka yi wa tayin aikin gwamnati: ya kamata mutumin kirki ya shiga fadar sarki? Ɗaya daga cikin masu muhawarar na ganin fada wuri ne da ko dai ta lalata mutum ko ta kore shi. Ɗayan, wanda More ya ba sunansa, na ganin ba a barin jirgi don iska ta yi ƙarfi, kuma abin da mutum ya kasa mayarwa alheri yana iya rage masa muni. Ba da jimawa ba More ya amsa tambayar da ƙafarsa. Zuwa 1518 ya shiga majalisar Sarki Henry na Takwas.

Daga nan sai hawa. A 1521 aka ba shi lambar girma ta Sa, aka naɗa shi mataimakin ma'ajin ƙasa. A 1523 ya zama Kakakin Majalisar Wakilai, inda ya roƙi sarki ya bar 'yan majalisa su faɗi ra'ayinsu ba tare da tsoron hukunci ba. Shekaru da dama shi ne ke tsakanin sarki da babban wazirinsa, Kadinal Wolsey: yana karanta wa sarki wasiƙu, yana rubuta amsa, yana bin ayari duk inda aka nufa. Duk wanda ya taɓa zama hadimin wani babba ya san irin wannan aiki, ya kuma san irin zaƙin da ke cikinsa. Henry na son hirarsa ƙwarai, har yakan kira shi da dare su hau soro su yi maganar taurari. Wata rana sarki ya zo gidansa na Chelsea ba tare da sanarwa ba, ya ci abinci, ya zaga lambu da shi kusan sa'a guda hannunsa na rataye a wuyan More. Surukinsa William Roper, wanda daga baya ya rubuta tarihinsa, ya taya shi murna. More ya nuna masa cewa babu abin alfahari a ciki, domin da kansa zai samo wa sarki ganuwa guda a Faransa, da ba a yi jinkirin sare shi ba. Ya san ubangidansa tun ana zaman daɗi.

Matsalar da ta rusa kome ta taso ne daga ɗakin aure. Henry ya auri Catherine ta Aragon a 1509, matar yayansa Arthur da ya rasu, bisa izinin Fafaroma. Cikin 'ya'yan da ta haifa, mace ɗaya ce ta rayu, wato Mary. Sarki na neman magaji namiji, kuma zuciyarsa ta koma kan Anne Boleyn. Sai ya kafa hujja da Littafin Firistoci cewa auren matar ɗan'uwa haramun ne tun asali, ya nemi Fafaroma Clement na Bakwai ya warware shi. Fafaroma kuwa na cikin tafin hannun Sarkin Sarakuna Charles na Biyar, ɗan 'yar'uwar Catherine, wanda sojojinsa suka wawashe birnin Roma a 1527. Wolsey ya kasa samo abin da ake so, ya faɗi a watan Oktoba na 1529. Aka miƙa wa More Babban Hatimin Ingila, ya zama waziri kuma shugaban babbar kotun adalci.

Ya karɓa alhali ya riga ya shaida wa sarki cewa bai gamsu da hujjar saki ba. Henry ya yi masa alkawarin ba zai tilasta masa a kan wannan batu ba, zai yi amfani da shi a wasu ayyuka. Ana iya tambaya ko mutum mai wayo irin More ya gaskata wannan alkawari. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne ya yi zaton daga ciki zai fi iya kare Ikilisiya, kamar yadda ya yi muhawara a littafinsa.

A kan kujerar shari'a ne aka ga irin tarbiyyar da ya yi wa hannunsa. A zamanin, kai wa alƙali kyautar sabuwar shekara al'ada ce, ba wanda ke kiranta cin hanci. Wata gwauruwa mai suna Croker, wadda ya yanke hukuncin da ya yi mata daɗi, ta kawo masa safar hannu da fam arba'in na zinariya a ciki. Ya karɓi safar don kada ya kunyata ta, ya juye kuɗin ya mayar mata. Wani mai suna Gresham da ke da ƙara a gabansa ya aiko masa da kofi mai ruwan zinariya. Aikin kofin ya burge shi, sai ya riƙe, ya aika wa mutumin da wani kofin nasa da ya fi tsada. Bayan ya sauka, wani mai suna Parnell ya kai ƙararsa gaban majalisar sarki cewa ya karɓi kofi daga matar abokin shari'arsa. More ya amsa cewa lalle ya karɓa. Mahaifin Anne Boleyn, wanda ke zaune a wurin, har ya fara murna. Sai More ya ƙarasa labarin: ya sa an zuba ruwan inabi a kofin, ya sha don girmama matar, nan take ya mayar mata da shi ta kai wa mijinta, kuma shaidu suka tabbatar. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. More ya ƙi cin ladan, amma bai tozarta mai bayarwa ba, kuma wannan ya fi ƙin karɓa da tsawa wuya.

Iyalinsa ma ba su sha daɗin muƙamin yadda suka so ba. Wani surukinsa, William Daunce, ya yi masa ƙorafi cewa a zamanin Wolsey har masu tsaron ƙofa na samun na goro daga masu neman ganin waziri, amma shi ƙofarsa a buɗe take ga kowa, don haka na kusa da shi ba su da abin sayarwa. Wani surukin, Giles Heron, ya kawo ƙara gabansa yana taƙama da dangantaka, ya ƙi yarda da sulhu. More ya yanke hukunci a kansa kai tsaye.

Akwai wani ɓangare na wannan zamani da masu yabonsa ke son tsallakewa, kuma bai kamata a tsallake ba. More ya ɗauki koyarwar Martin Luther da William Tyndale a matsayin annoba ga rayuka da ga zaman lafiyar ƙasa. Ya yi rubuce-rubuce masu zafi da zagi a kansu, ya farauci masu shigo da littattafansu, ya tsare wasu a gidansa yana yi musu tambayoyi. A cikin watanni talatin da ɗaya da ya yi yana waziri an ƙone mutum shida da rai a kan laifin bidi'a, cikinsu har da Thomas Bilney da James Bainham. Ya musanta zargin azabtar da fursunoni a wani littafi da ya fitar a 1533, amma bai taɓa ɓoye cewa ya yarda da hukuncin ƙonewa ba. Waɗannan mutane su ma lamirinsu suka bi har wuta. Mutumin da daga baya ya nemi a bar shi da abin da ke zuciyarsa bai ba su wannan dama ba. Cewa haka zamanin yake gaskiya ne, amma ba ya wanke shi sarai.

A ranar 15 ga Mayu, 1532, shugabannin Ikilisiyar Ingila suka miƙa wuya, suka yarda ba za su sake yin wata doka ba sai da izinin sarki. Washegari More ya mayar da Babban Hatimi, ya kafa hujja da ciwon ƙirji. Ya nema wa barorinsa aiki a gidajen wasu manya, ya bar wa magajinsa Thomas Audley kwalekwalensa na alfarma da matuƙansa takwas. Abin da ya rage masa na shiga bai wuce kimanin fam ɗari a shekara ba. Ya tara 'ya'yansa da surukansa ya bayyana musu cewa za a rage cefane mataki-mataki, daga abincin lauyoyi zuwa na ɗalibai, in ta ƙi a ɗauki jaka a fita bara tare. A cikin wannan hali bishop-bishop suka tara masa fam dubu huɗu ko biyar, ladan littattafan da ya rubuta na kare Ikilisiya. Ya ƙi karɓa, ya kuma hana a ba matarsa ko 'ya'yansa. Kuɗin na halal ne, daga mutanen da yake goyon baya, amma da ya karɓa da an ce alƙalaminsa na haya ne.

Ya yi zaton shiru zai kare shi. Sai dai shiru ma magana ce, musamman daga bakin mutumin da Turai duka ta sani. Da za a naɗa Anne sarauniya ranar 1 ga Yuni, 1533, wasu bishop uku abokansa suka aiko masa da fam ashirin ya ɗinka riga ya raka su. Ya karɓi kuɗin, ya zauna a gida. Daga baya ya nuna musu cewa mataki na farko shi ne a nemi su halarta, na biyu su yi wa'azi, na uku su rubuta littafi, kuma in an gama da mutuncinsu za a cinye su. Aka nemi a shafa masa laifin wata 'yar zuhudu, Elizabeth Barton, da ke yin annabci a kan auren sarki. Ya fito da kwafin wasiƙar da ya rubuta mata yana gargaɗinta ta bar harkar sarakuna, dole aka cire sunansa. Basaraken Norfolk, tsohon abokinsa, ya tuna masa cewa fushin sarki mutuwa ne. More ya nuna masa cewa in haka ne bambancinsu kwana ɗaya ne kawai.

Ranar Litinin 13 ga Afrilu, 1534, aka kira shi fadar Lambeth. Da safe ya je coci ya yi ikirarin zunubi ya karɓi Jibin Ubangiji. Ya saba iyalinsa su raka shi bakin kogi. Ran nan ya ja ƙofar lambu ya rufe a bayansa, bai bari matarsa da 'ya'yansa su biyo shi ba. A Lambeth ya tarar da Audley, da Babban Bishop Cranmer, da sakataren sarki Thomas Cromwell. Ya nemi a ba shi rantsuwar da dokar ya karanta. Ya ce a shirye yake ya rantse a kan maganar gado, domin majalisa na da ikon zaɓar wanda zai gaji sarauta. Amma rantsuwar yadda aka tsara ta ta ƙunshi soke auren Catherine da watsi da ikon Fafaroma, kuma wannan ba zai iya kiran Allah shaida a kansa ba. Aka nuna masa jerin sunayen waɗanda suka riga suka rantse. Aka fitar da shi ya jira, yana hangen malaman Ikilisiya ta taga suna wucewa cikin lambu suna raha bayan sun sauke nasu nauyin. Cranmer ya kawo masa hujja mai kaifi: tun da ba ya la'antar waɗanda suka rantse, ashe batun na da shakka, biyayya ga sarki kuwa ba ta da shakka, don haka ya bar mai shakka ya kama tabbatacce. More ya amsa cewa hujjar ta girgiza shi, amma in aka bi ta, duk wata tambaya ta addini umarnin sarki ne zai riƙa yanke ta. Ranar 17 ga wata aka kai shi Hasumiyar Landan.

Wata goma sha biyar ya yi a can, kuma a nan jarabar ta canja fuska. Cromwell na zuwa da lallashi da alkawarin rahamar sarki, wannan bai yi masa wuya ba. Mai wuyar ita ce ta gida. An ƙwace dukiyarsa, har Alice ta sayar da tufafinta don biyan kuɗin abincinsa na mako. Ta zo ta yi masa faɗa, tana mamakin yadda mutumin da ake kira mai hikima zai zaɓi zama da ɓeraye alhali yana da gida da lambu da littattafai da jikoki. Ya tambaye ta shekara nawa take ganin zai ƙara a wannan gida, ta ce wataƙila ashirin, ya nuna mata cewa cinikin bai yi riba ba. Ba muguwar mace ba ce. Ita ke ɗauke da gidan da shawararsa ta talauta.

Margaret ta fi kowa sanin inda zuciyarsa take da taushi. Ita kanta ta yi rantsuwar, aka bar ta tana ziyartarsa, ta zo da hujjojin masana: cewa mutanen da suka fi shi ilimi sun rantse, cewa ana kallon tsayuwarsa a matsayin taurin kai, cewa zai iya furtawa da baki ya riƙe wata ma'ana a zuci. Ya tsokane ta da sunan Hauwa'u mai miƙo 'ya'yan itace, amma wasiƙunsa sun nuna cewa roƙonta ya fi barazanar sarki yi masa ciwo. Matsayinsa bai sauya ba: ya yi shekaru yana nazarin batun, ba ya hukunta lamirin kowa, kuma ba zai rataya ransa a bayan wani ba, ko da mutumin kirki ne.

Bai ɗauki kansa jarumi ba. Ya shaida wa 'yarsa cewa shi mai tsoron ciwo ne, kuma ya kwana da yawa ba barci yana lissafa irin mutuwar da za a iya yi masa. Littafin ƙarshe da ya rubuta a kurkuku nazari ne a kan baƙin cikin Almasihu a lambun Getsamani, da almajiran da barci ya kwashe. Ya tsaya a kan cewa Yesu da kansa ya ji tsoro, don haka mai tsoro na da wurin tsayawa. Ranar 4 ga Mayu, 1535, yana tare da Margaret a taga aka fito da shugabannin 'yan zuhudun Kartusiya uku za a kai su a kashe, mutanen ɗariƙar da ya zauna tare da ita yana saurayi. Ranar 12 ga Yuni aka zo aka kwashe littattafansa da takardunsa. Ya ci gaba da rubuta wasiƙa da gawayi.

Wanda ya jagoranci kwashe littattafan shi ne Richard Rich, ɗaya daga cikin manyan lauyoyin gwamnati. Wata sabuwar doka ta riga ta mayar da musanta cewa sarki ne shugaban Ikilisiyar Ingila cin amanar ƙasa, amma sai an furta. More bai furta ba, duk da tambayoyin da aka yi ta yi masa. A shari'arsa a Zauren Westminster ranar 1 ga Yuli, 1535, kwana tara bayan an sare kan Bishop John Fisher, ya kare kansa da cewa a ƙa'idar shari'a shiru ya fi kusa da yarda. Sai Rich ya tashi ya rantse cewa a ranar kwashe littattafai More ya faɗa masa cewa majalisa ba ta da ikon mayar da sarki shugaban Ikilisiya. More ya ƙaryata shi, ya tambayi kotu ko hankali zai ɗauka cewa abin da ya ɓoye wa sarki da manyan majalisarsa zai buɗe wa mutumin da bai taɓa amincewa da shi ba. Mutum biyun da suka raka Rich suka ce su hankalinsu na kan ɗaure littattafai, ba su ji ba. A cikin alƙalan akwai mahaifin Anne Boleyn da ɗan'uwanta da kawunta. Masu yanke hukunci ba su wuce minti goma sha biyar ba suka dawo da cewa yana da laifi.

Sai a lokacin ya buɗe baki. Ya bayyana cewa dokar ta saɓa wa dokar Allah da ta Ikilisiya baki ɗaya, kuma ƙasa guda ba ta da ikon yin hukunci a kan abin da ya shafi Kiristocin duniya duka. Ya rufe da fatan shi da alƙalansa za su haɗu a sama cikin farin ciki, kamar yadda Bulus da Istifanas suka haɗu, alhali Bulus na tsaye yana tsaron tufafin masu jifan Istifanas. A hanyar komawa kurkuku Margaret ta kutsa tsakanin masu gadi ta rungume shi, ta tafi, ta sake dawowa a guje. Ranar 5 ga Yuli ya aika mata da 'yar sharar gashin nan tare da wasiƙarsa ta ƙarshe.

An sare kansa da safiyar 6 ga Yuli, 1535, a tudun da ke gaban Hasumiyar. Sarki ya aiko cewa kada ya tsawaita magana, bai kuwa tsawaita ba: ya nemi a yi wa sarki addu'a, ya shaida cewa yana mutuwa yana bawan sarki na gari, kuma bawan Allah da farko. Aka kafa kansa a kan Gadar Landan, Margaret ta karɓo shi kafin a jefa a kogi.

An sare kan Anne Boleyn a watan Mayu na 1536, na Cromwell a watan Yuli na 1540. A wannan shekarar aka kashe Giles Heron, surukin nan da ya taɓa shan kaye a kotunsa. Richard Rich ya hau kujerar waziri a 1547, ya yi wa sarakuna huɗu aiki ba tare da canjin addininsu ya taɓa shi ba, ya mutu a kan gadonsa a 1567 da tarin dukiya. Fafaroma Pius na Goma Sha Ɗaya ya sa More cikin tsarkaka a 1935. A 1980 Ikilisiyar Ingila, wadda ya mutu yana ƙin amincewa da kafuwarta, ta sa sunansa cikin waɗanda take tunawa da su kowace shekara, kuma a 2000 Fafaroma John Paul na Biyu ya ayyana shi majiɓincin masu mulki da 'yan siyasa.